Daskararren Naman Tumaki a Kasuwar Duniya: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan daga bakin mutane iri-iri suka fito. Akwai ɗan kasuwar da ya ga katan-katan na naman rago a wani babban kanti a Jidda ya dawo gida yana lissafi, akwai mahaucin da ke mamakin yadda naman da aka yanka wata shida da suka wuce yake da masu saye har da layi, akwai alhajin da ke son sanin inda naman hadayarsa ya nufa. Wasu amsar layi uku ta ishe su, wasu kuwa sai an gyara zama.

Me ake nufi da daskararren nama? Ba wanda aka sa a firji ba ne?

A'a, kasuwar gida biyu ce. Akwai nama mai sanyi, wanda ake riƙe shi dab da daskarewa, wajen digiri 1 da rabi ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, an zuƙe iskar ledarsa an liƙe. Idan ka danna shi da yatsa zai lotsa. Irin wannan yakan kai mako 10 zuwa 12 in sanyin bai yanke ba, kuma shi ya fi tsada. Sai daskararre, wanda aka mayar kamar dutse, ake ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka. Shi wannan kamfanoni kan rubuta masa wa'adin wata 18 zuwa shekara 2.

Sirrin yana wajen saurin daskarwar. A masana'anta ana shigar da katan ɗakin da ake hura masa iska mai tsananin sanyi, cikin kwana ɗaya ko biyu har tsakiyarsa ta ƙame. Ƙanƙarar da ke fitowa cikin tsokar ƙanana ce, ba ta yaga ta. Firizar gida kuwa a hankali take aiki, ƙanƙarar ta yi manya-manya ta farfasa tsokar, shi ya sa in an narke sai ka ga ruwa ja ya cika kwano, naman ya koma kamar soso.

Yaushe aka fara wannan ciniki?

Ya haura shekara 140. Kafin nan, makiyayan Ostireliya da Niyu Zilan don ulu suke kiwon tumaki. Naman ya fi ƙarfin mutanen ƙasar, babu hanyar kai shi nesa, har ta kai ana dafa tsofaffin tumaki a manyan tukwane don a tatsi kitsen a yi kyandir da sabulu. A can Ingila kuwa ma'aikatan masana'antu sun cika birane, nama ya yi musu tsada.

An yi gwaje-gwaje daga Ajantina zuwa Faransa a ƙarshen shekarun 1870, kuma jirgin Strathleven ya kai daskararren nama daga Ostireliya zuwa Landan a farkon 1880. Amma tafiyar da ake yawan tunawa ita ce ta jirgin Dunedin. Ya tashi daga Port Chalmers a Niyu Zilan ranar 15 ga Fabrairu 1882 ɗauke da tumaki fiɗaɗɗu kusan 5,000, ya isa Landan ranar 24 ga Mayu, kwana 98 a teku. Jirgi ne mai tafiya da iska, injin sanyin kuma da gawayin kwal yake aiki. Tun kafin a tashi injin ya taɓa karyewa, dole aka sayar da kashin farko na naman a gari, aka sake yanka wasu. Da suka shiga yankin zafi iska ta tsaya cak, sanyi ya daina zagayawa cikin rumbun, sai kyaftin ɗin jirgin, John Whitson, ya rarrafa ciki da kansa ya huda hanyoyin iska, da igiya aka jawo shi ya kusa sandarewa. Da aka sauke kayan a kasuwar Smithfield, guda ɗaya tak aka ce bai ciyu ba.

Daga wannan rana tunkiya ta zama dabbar nama a Niyu Zilan, ba ta ulu kaɗai ba, manyan gonaki suka rarrabu zuwa ƙanana, kuma Birtaniya ta zama babbar mai saye har zuwa 1973 da ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai ta bar Niyu Zilan tana neman sababbin abokan ciniki.

Su wa ke riƙe da kasuwar yanzu?

Har gobe Ostireliya da Niyu Zilan. Su biyun nan su ke fitar da fiye da rabin naman tumakin da ke tsallaka iyaka a duniya. Bayansu akwai Birtaniya da Ailan da Sifen, waɗanda yawancin nasu mai sanyi ne kuma a cikin Turai yake ƙarewa, sai Yurugwai da Chile da Ajantina da ɗan abin da ba a rasa ba.

Abin lura shi ne ba su fi kowa yawan tumaki ba. Ƙasar Sin ce ke da garke mafi girma a duniya, amma cinyewa take yi ta ƙara da na saye. Niyu Zilan ma garkenta raguwa yake yi: a 1982 tana da tumaki miliyan 70, yau ba su kai miliyan 25 ba, don shanun madara da dashen itatuwa sun cinye filayen. Abin da ya ba su gaba shi ne mutanensu kaɗan ne, ciyawa na fitowa kusan duk shekara ba sai an sayi dusa ko harawa ba, kuma, wanda ya fi komai, dabbobinsu ba su da cututtukan da ke rufe wa ƙasa ƙofar kasuwa. Zan dawo kan wannan.

To su wa ke saye?

Nan ne abin ya fi ban sha'awa, domin rago ɗaya yakan watse zuwa nahiya uku ko huɗu. A da gaba ɗayansa ake daskarwa, a sa masa rigar yadi a jera a jirgi. Yanzu yawanci sai an daddatsa shi, kowace gaɓa a nema mata wanda ya fi darajanta ta.

Cinya Birtaniya da Jamus da Faransa take zuwa, musamman gab da bikin Ista da Kirsimeti, lokacin da iyali ke gasa cinya guda a ci tare. Haƙarƙarin gadon baya, wanda ake gyarawa ƙasusuwan su fito zara-zara, otal-otal na Amurka ke biyan kuɗi mai yawa a kansa. Fiye da rabin naman ragon da ake ci a Amurka daga waje yake zuwa. Karfata da wuya da naman tsofaffin tumaki suna tafiya ƙasashen Larabawa da Malesiya. Sai awaza da fatar ciki mai kitse, wadda a da ake ganin ta ba komai ba ce: ita Sin ta mayar abin nema. Ana naɗe ta a daskare, a yayyanka siriri kamar takarda, a tsoma a tafasasshen romo a kan tebur a ci nan take. Tun da Niyu Zilan ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Sin a 2008, Ostireliya kuma a 2015, Sin ta zama kan gaba wajen sayen naman tumaki a duniya.

Wannan ɓangare mai kitse yana da tarihinsa. Shekaru da yawa tsibiran tekun Fasifik ake jibge wa shi don araha, har ƙiba da ciwon sukari suka zama abin damuwa, Fiji ta hana sayar da shi a shekarar 2000. Da Sin ta shigo da kuɗinta, farashin ya tashi, talakan tsibiran ya daina samunsa da sauƙi ba tare da wata doka ba.

Birtaniya kuwa abin dariya ne nata: tana sayar wa Faransa raguna fiɗaɗɗu, tana sayo cinyoyi daga ɗaya ƙarshen duniya. Dalili shi ne mutanenta cinya suka fi so, kuma lokacin da nata ragunan ba su isa yanka ba, na kudancin duniya sun ƙosa, tunda damina da rani a juye suke tsakaninsu.

Na ga wani katan an rubuta lamb, wani mutton. Mene ne bambancin?

Shekaru, kuma da haƙori ake ganewa, kamar dai yadda mai sayen rago a Maigatari ko Potiskum yake buɗe bakinsa kafin ya taya. Na farkon shi ne wanda bai cika shekara ba, ko manyan haƙoransa na gaba ba su fito har sun fara aiki ba. Namansa fari-fari ne, mai laushi, ba ƙarni sosai. Na biyun babbar tunkiya ce, yawanci wadda ta gama haihuwa ko ba da ulu, namanta ja ne mai tauri, kitsen ya fi ƙanshin tumaki, kuma ya fi araha. Ostireliya ta gyara ma'anar lamb a 2019 don ta dace da ta Niyu Zilan, saboda a da da zarar haƙorin ya ɓullo farashin dabba ya faɗi ke nan ko da jiya ya fito.

In don farfesu ko miya ne, ni na biyun zan ɗauka. Harshen da ya saba da Balami da Uda da Yankasa yakan ji ƙaramin ragon nasu salam.

Halal ne kuwa? Wa ya yanka?

Tambayar da ta fi kowace yawan zuwa ke nan, kuma ta cancanta. Yawancin mayankun da ke fitar da naman tumaki a ƙasashen biyu Musulmi ne ke yanka a cikinsu, da bisimilla, kan kowace dabba. Ba don tsoron Allah kamfanonin suka fara ba, don kasuwa ne. Bayan juyin juya halin 1979, Iran, wadda ke cikin manyan masu sayen ragon Niyu Zilan a lokacin, ta ce sai yankan Musulmi, kamfanoni suka ga ya fi musu sauƙi su mayar da layin yankan duka haka maimakon su raba biyu. Shi ya sa Baturen da ke sayen cinya a Landan sau da yawa yankan Musulmi yake ci bai sani ba.

Ƙungiyoyin Musulmi da gwamnati ta amince da su ke ba da takardar shaida, kamar tarayyar ƙungiyoyin Musulmin Niyu Zilan da ake kira FIANZ, a Ostireliya kuma akwai tsarin halal da gwamnati ke sa wa ido. Ƙasashe masu saye ba sa tsayawa ga takarda kawai. Malesiya, alal misali, tana tura jami'an hukumarta ta JAKIM su duba mayanka, kuma takan cire wadda ba ta gamsu da ita ba daga jerinta.

Inda saɓani yake shi ne sumarwa. Kafin a sa wuƙa ana ɗora wa dabbar lantarki a kai, ta suma na ɗan lokaci. Masu halattawa suna cewa ba ya kashewa, in aka ƙyale ta za ta farfaɗo ta miƙe, don haka da ranta aka yanka ta. Masu hanawa suna tsoron wata ta mutu kafin wuƙa ta iso, ta zama mushe ba a lura ba. Hukumomin fatawa da dama sun yarda da sharaɗin a tabbatar da rai lokacin yanka, wasu malamai ba su yarda ba. Wannan ba hurumina ba ne. Abin da zan ce shi ne ka kai wa malaminka bayanin yadda yake, ba jita-jita ba, sannan ka duba tambarin hukumar da ta shaida a jikin katan, ba kalmar halal kawai da kowa zai iya bugawa ba.

Zan iya sayen daskararren rago in yi layya da shi?

A'a. Layya yanka ce a ranakunta, sayen nama sadaka ce ko cefane. Abin da wasu ƙungiyoyin agaji ke yi daban ne: suna karɓar wakilci, a yanka a ranakun sallah a ƙasar da dabba ke da araha, sannan a daskarar ko a zuba a gwangwani a kai wa mabukata.

Naman hadayar alhazai fa, ina yake zuwa?

Tsofaffin alhazai suna ba da labarin Mina ta da, inda ake yanka dubban dabbobi a bar su a rana, abin da aka ci kaɗan, sauran a binne da katafila. A 1983 Saudiyya ta kafa shirin cin gajiyar naman hadaya da layya, wanda aka fi sani da Adahi, ta damƙa shi ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. Alhaji ya biya kuɗi ya karɓi rasit, mahauta da likitocin dabbobi su yi aikin a manyan mayankun Mu'aisim kusa da Mina, a fiɗe, a daskarar, a raba wa talakawan Harami, ragowar a tura ƙasashe fiye da 20 na Afirka da Asiya. Ba ciniki ba ne, amma cikin kwana uku ko huɗu ana daskarar da naman da wata ƙasar ba ta fitar da kamarsa a shekara. Yawancin dabbobin kuma da ransu suke tsallako Bahar Maliya daga Sudan da gaɓar Somaliya.

Me ya sa ba a kai dabbar da ranta kawai a huta da batun ƙanƙara?

Ana kaiwa, kuma Larabawa da yawa sun fi son haka, su ga rago su yanka da kansu. Sai dai hanyar tana da asara mai tayar da hankali. A 2003 Saudiyya ta ƙi karɓar tumaki kusan 57,000 na Ostireliya da ke cikin jirgin Cormo Express bisa zargin cuta, jirgin ya yi ta gararamba a teku fiye da wata biyu, dubbai suka mutu, daga ƙarshe Eritiriya ta karɓi sauran. A 2017 zafi ya kashe wajen 2,400 a jirgin Awassi Express, hotunan da suka fito shekara mai bi suka tayar da ƙura. A Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a tashar Suwakin ta Sudan da tumaki sama da 15,000. Majalisar Ostireliya ta zartar da doka a 2024 cewa daga 1 ga Mayu 2028 ba za a ƙara fitar da tumaki masu rai ta teku ba.

Ta fuskar lissafi ma, mai kai dabba da rai yana biyan kuɗin jigilar ƙaho da kofato da abin da ke cikin tumbi, ga abinci da ruwa na hanya, ga rama. Sannan fata da kayan ciki da aikin fiɗa duk sun tafi wata ƙasa. Kwantena ɗaya mai ƙafa 40 tana ɗaukar wajen tan 25, wato naman raguna fiye da dubu, ba ta cin ciyawa, ba ta mutuwa.

Ana iya shigo da shi Nijeriya?

A tsarin kwastam na duniya naman tumaki da awaki lambarsa 0204: ɗan rago daskararre gaba ɗaya ko rabi 0204.30, babbar tunkiya 0204.41, yanka mai ƙashi 0204.42, marar ƙashi 0204.43. Shekaru da dama jerin kayan da Hukumar Kwastam ta Nijeriya ta haramta shigowa da su ya ƙunshi nama, tare da daskararrun kaji, kuma lambobin da aka jera sun haɗa har da 0204. Babban Bankin Nijeriya ma ya sa nama cikin kayan da ya hana wa dalar gwamnati a 2015, ya janye wannan a Oktoban 2023, amma janyewar banki daban, haramcin kwastam daban. Kada wani ya ruɗe ka da cewa an buɗe. Sai ka ga jerin da ke aiki a ranar da idonka kafin ka tura wa kowa sisi.

Gana ta bi wata hanya. Ana shigo da daskararren nama ta tashar Tema, mazauna zango a Akara da Kumasi sun san shi a shagunan sanyi, amma tun shekarun 1990 ƙasar ta sa iyakar kitse: naman tumaki kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Dabarar ta tare tarkacen kitse ba tare da an ce an nuna wa wata ƙasa bambanci ba.

Mu da muke da tumaki miliyoyi, me ya hana mu sayar wa duniya?

Ba rago muka rasa ba. Balami mai ƙiba ba ya jin kunyar tsayawa kusa da kowane rago a duniya. Abu uku ne suka tsaya a gaba.

Na farko cuta. Ƙasar da za ta sayi nama takan fara duba matsayin mai sayarwa a wajen Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya da ke Faris, wadda aka kafa a 1924. Ciwon baki da kofato, wanda Fulani ke kira ɓoru, da annobar tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a Kwaddebuwa a 1942, duk suna nan a yankinmu. Daskarwa ba ta kashe ƙwayar ɓoru, adana ta take yi, musamman cikin ɓargo. Niyu Zilan ba ta taɓa samun wannan ciwo ba, Ostireliya rabonta da shi tun 1872. Don ka gane yadda ake tsoronsa: da ya ɓarke a Birtaniya a 2001, dabbobi fiye da miliyan 6 aka kashe. Haka zazzaɓin Rift Valley ya sa Saudiyya ta rufe wa dabbobin Somaliya ƙofa daga 2000 har 2009.

Na biyu shaida. Mai saye yana son ya ɗauki lambar da ke jikin katan ya bi ta har gonar da aka haifi dabbar, ya san allurar da aka yi mata da ranar da aka yi. Ragon da ya taso daga Tawa, ya ratsa Illela, ya sauya hannun dillalai huɗu kafin ya isa kwata, wa zai rubuta masa wannan?

Na uku sanyin da ba ya yankewa. Daga mayanka zuwa ɗakin daskarwa, zuwa mota, zuwa tashar ruwa, ko sa'a guda ba a so zafi ya taɓa kayan. Mai janareta da ke kashe shi da dare don tattalin dizal ya riga ya fita daga wannan kasuwa.

Akwai kuma wani abin da masu zumuɗin fitarwa ba sa son ji: gab da babbar sallah, farashin rago mai kyau a Kano ko Legas ko Abijan yakan fi abin da mai saye a Dubai zai biya kan nauyin namansa. Kasuwar gida ba ƙarama ba ce. Wanda ke neman darasi ya dubi Habasha, wadda mayankunta na garin Mojo ke tura tumaki da awaki fiɗaɗɗu masu sanyi ta jirgin sama zuwa Dubai da Saudiyya, ko Namibiya da ta killace yankin da ba cuta ta samu shiga kasuwar Turai da naman shanu. A ganina, kafin mafarkin Turai, mota mai sanyi daga Arewa zuwa Legas da ba ta lalacewa a hanya ita ce jarrabawar farko.

Me ke ɗaga farashi ko ya karya shi?

Ruwan sama a Ostireliya, da aljihun mutanen Sin. In fari ya matso, makiyaya kan yi tururuwar sayarwa, mayanka ta cika, farashi ya faɗi. A 2023 ya faɗi har wasu na bayar da tsofaffin tumaki kyauta don kuɗin mota ya fi kuɗinsu. In damina ta yi kyau kowa ya riƙe tumakinsa mata don hayayyafa, nama ya yi wuya. Sai lokutan buki: azumi, babbar sallah, Ista, sabuwar shekarar Sinawa. Sai canjin kuɗi, tunda yawanci da dala ake ciniki.

Gwamnatoci ma ba su zura ido ba. Tarayyar Turai ta daɗe tana bai wa Niyu Zilan kason kusan tan 228,000 a shekara ba haraji, abin da ya wuce nan haraji mai nauyi. Da Birtaniya ta fice aka raba kason biyu. Manoman Faransa sun sha tare motocin naman waje a kan hanya. Amurka ta ƙaƙaba wa ragon Ostireliya da Niyu Zilan haraji a 1999, suka kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka yi nasara a 2001. Hare-haren da aka fara kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya a ƙarshen 2023 sun tilasta zagayawa ta kudancin Afirka, kwana goma ko fiye suka ƙaru. Mai daskararre ya biya ƙarin kuɗin jigila ya yi shiru, mai nama mai sanyi kuwa wa'adin kayansa ne ke ƙonewa a teku.

Waɗanne takardu ke bin kwantena, kuma in injin ya mutu a hanya wa ke asara?

Izinin shigowa daga ƙasar mai saye, takardar lafiya daga likitan gwamnatin ƙasar mai sayarwa, takardar halal, shaidar asalin kaya, rasit da jerin abin da ke ciki, da takardar lodin jirgi, wadda mai riƙe da ita shi ne mai kaya. Lambar hatimin ƙofar kwantena dole ta zo daidai a dukkansu. Lamba ɗaya ta saɓa, kaya su kwana a tasha kana biyan kuɗin wuta da na fili.

Batun asara ya dogara da harufa ukun da aka rubuta a yarjejeniya. FOB na nufin mai sayarwa ya sauke nauyi da zarar kaya sun hau jirgi. CIF na nufin ya biya jigila da inshora, amma, kuma nan mutane ke ruɗewa, haɗarin ya riga ya koma kanka tun a tashar lodi, kai za ka bi kamfanin inshora. Ka tabbata inshorar ta ambaci mutuwar injin sanyi, don ba kowace ke ɗauka ba. Kowace kwantena tana da na'urar da ke rubuta sanyin ciki tun daga lodi har sauka, ita ce shaida in an je gaban alƙali. Kuma kada ka tura kuɗi ga wanda ka gani a intanet yana tallar nama rabin farashi. Kowace mayanka mai izini tana da lamba da gwamnatinta ta wallafa, ka nema ka gani, biya kuma ya bi ta takardar lamunin banki, wato alkawarin banki na biyan mai sayarwa sai ya kawo cikakkun takardun kaya.

Daskarwa tana rage amfanin nama?

Kusan babu abin da take ragewa na gina jiki. Ɗanɗano ne ke sauyawa in ya daɗe, musamman kitse, wanda ke fara ɗaci ko yana daskare. Ka kuma sani sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su yake yi, da ya narke su farka.

Yaya zan gane wanda ya narke aka sake daskarwa, kuma yaya ake narkar da shi?

Na taɓa sayen rabin katan a wani shagon sanyi, mai shagon yana rantsuwa jiya aka sauke. A gida na juya katan ɗin na ga gindinsa ya yi taushi ya bushe ya motse, da tabon jini launin ƙasa. Cikin ledar, a kusurwa ɗaya, wani curin jar ƙanƙara ya taru kamar an zuba zoɓo an daskarar, yankakken naman kuma ya manne wuri guda ya ɗauki siffar kwalin. Ruwa ba ya gangarowa daga abin da bai narke ba. Waɗannan su ne alamun. Ƙara da fari-farin tabo mai kama da fata busasshiya a saman naman, wanda ke nuna leda ta huje iska ta shiga. Shi wannan ba ya cutarwa, a yanke a yar. Ka karanta ranar yanka da ranar daskarwa a jikin takardar katan, in an ɓamɓare ta ko an liƙa wata a kai, ajiye ka wuce.

Narkarwa kuwa a firji ake yi, a cikin kwano a can ƙasa don kada ruwansa ya ɗiga kan wani abinci. Cinya guda takan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. In ana sauri, a tsoma shi da ledarsa a ruwan sanyi ana sauyawa duk rabin sa'a. Kada a shanya shi a rana ko a zuba masa ruwan zafi, don bayansa zai fara lalacewa cikinsa na nan dutse. Ƙananan yanka na miya ana iya jefa su tukunya a daskare, a ƙara musu lokaci kan wuta. Wanda aka narkar a waje a dafa shi duka a ranar, in ya so dafaffen a mayar firiza.